Odar Kamiyon Jar Dawa

Mahaifina bai taɓa kama sunana ba tun da aka haife ni. Kada wani ɗan zamani ya karanta wannan ya fara tausaya mini, ba ƙiyayya ba ce. Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu da ke bayan Tirmini uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya cin abinci a gabansa. Inna ma haka, har ta fi shi. Goggona, ƙanwar Baba, ita ta raine ni, kuma ta bakinta magana take bi tsakaninmu. In Baba yana son ruwa sai ya dube ta ya ce, "Ki ce wa wancan ya kawo ruwa," alhali ga ni tsaye a gabansa. In ɗebo, in ajiye nesa kaɗan, in juya. Haka muka rayu, kuma wallahi ban taɓa jin an rage ni da komai ba.

Shi ne sarkin noman yankinmu. Tun ina ƙarami ya ɗaure dami dubu a damina ɗaya, ya yi biki ya rabar, aka naɗa shi. Daga nan duk wanda rumbunsa ya ƙare kafin kaka ƙofar gidanmu yake zuwa, Baba kuwa ba ya ko ɗaga kai ya ga fuskar mai roƙo, don kada ya ba shi kunya. Mutum ne da bai san yadda ake miƙa hannu a karɓa ba. Abin da ya mallaka ke nan da ya fi gonakinsa.

Ni kuma lakkwal, makarantar boko, ta ɗauke ni. A shekarun farin nan na biyu ina ƙaramin mushe, wato malamin makaranta, a Damagaram, ina koyar da yara da safe, da rana ina gidan matasa da ke gefen Kara-Kara, inda muke da ƙungiyar kiɗa. Akwai mai gita, shi ne shugabanmu, mutum mai baki kamar ya ci kasuwa, akwai masu ganga, ni kuma ina kan sente. Mutanen gari piyano suke ce masa. Wani Bature malamin lise, babbar sakandaren garin, shi ne ya bar wa gidan matasa shi da zai koma ƙasarsu, bayan ya zauna da ni ƴan kwanaki ya nuna mini kansa. Duk garin ni kaɗai na iya shi, kuma kada ku so ku ga yadda nake hura hanci a kan haka. Ko ƙura ban yarda wani ya share masa ba.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, don in ba haka ba ba za a gane wautar da na tafka ba. A cikinsa akwai abu biyu masu haifar da sauti. Bature yana ce musu osilater, ni ina ce musu maƙogwaro. Kowanne da muryarsa, kana ɗaga ta ko ka sauke ta da wani maɓalli mai juyawa. In ka bar su kowa ya yi tasa, murya biyu za ka ji suna tafiya tare. Amma akwai wani ɗan makunni da Bature ya kira senkoro. Da ka ɗaga shi, maƙogwaro na farko ya zama mai gida. Duk sanda ya gama zagayensa ya koma farko, dole na biyu ya yar da abin da yake yi shi ma ya koma farko, ko da yana tsakiyar numfashi. To sai ka yi ta murɗa na biyun sama, yana son ya tsere ana fizgo shi. Tsayin muryar ba ya canzawa, na mai gida ne, amma sai ta shiga hanci, ta yi kaushi, ta riƙa tsagewa. Ɗaya dabarar kuma ita ce ka sa na farko ya riƙa girgiza na biyu. In a hankali ne, sai ka ji murya tana rawa irin ta tsoho. Ka ƙara sauri har kunne ya kasa bin rawar, sai ta rikiɗe ta zama ƙarfe: ƙararrawa, ko tasa da ta faɗi a kan siminti. Da waɗannan biyun babu abin da ban kwaikwaya ba, daga kukan jaki har ƙarar injin niƙa.

Ruwa kuwa ya ƙi. An yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Mutanen ƙauyuka suka fara gangarowa gari, daga wajen Tirmini, daga arewa, har da na wajen Gidimuni da ake ganin suna da tafki. Suka kakkafa bukkokin kara da tsummoki a filin da ke bayan gidan matasa. Warin anza, ƴaƴan itacen daji da ake jiƙawa ana tafasawa don a kashe ɗacinta yana shigo mana har ɗakin gwaji. Can a filin ne kamiyon taimako, babbar motar kaya, yake tsayawa ya sauke jar dawa. Ba shi da rana. Yau ya zo, sai a yi ta jira shiru, wata rana ya ɓullo da azahar ko da hantsi. Abin da kawai yake sanar da mutane shi ne odarsa, wato ham ɗinsa. Tun daga kwanar titi direban yake danna ta, kuma oda ce da ba ta da ta biyu a garin: ta fara da disasshiyar murya, ta hau sama ta hanci, sannan ta ƙare da karkarwar ƙarfe, don bakinta a tsage yake. Da an ji ta, ko mai barci ya tashi da buhunsa a hannu.

Na aika wa Baba da hatsi tun farkon abin. Ya dawo mini da shi a kan jakin da ya kai. Goggo ta aiko cewa in ji shi, rumbu bai ƙare ba, wancan ya ci abinsa. Na ji haushi, na ce to shi ke nan, girman kai ne, ya ji da shi. Na kuwa yarda cewa rumbu bai ƙare ba, don yardar ta fi mini sauƙi.

Shugabanmu ya tsara waƙa a kan fari, za mu yi ta a wani wasa da manyan gari za su halarta. Waƙa ce mai kyau, ban raina ta ba. Ni ne da shegen iyayina na ce, "Ku bar mini farkon waƙar. Zan buɗe ta da odar kamiyon nan, sak, sai kowa ya waiwaya."

Ya ce, "Kai dai da cika baki. Akwatin nan zai yi oda?"

Na ce, "Za ka gani."

Daga ranar na zama ɗan taga. Da na ji kamiyo ya danno, sai in ruga in buɗe tagar da ke kallon fili, in kasa kunne. Mutane suna gudu suna faɗuwa, ni ina lissafin inda murya ta hau da inda ta karye. Ina faɗin wannan ne fuskata tana zafi. Yunwar mutane tana gudu a gabana, ni kunnena kawai na kawo.

A tagar nan na gan shi. Layin maza ya miƙe, sai idona ya faɗa kan wani dogon mutum da ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Ya tsaya cikin mutanen arewa, nesa da inda ƴan yankinmu suke taruwa. Hannunsa na hagu yana bayansa, yadda Baba yake yi in yana duba gona. Na ce a raina masu tsayuwa haka ai suna da yawa. Sai ya juya, na ga buhun da ya naɗe a hammata. An yi masa faci da kakin wandona na lakkwal, har da tabon tawada da na sha duka a kansa. Goggo ce ta yi facin, ina zaune.

Na ja tagar a hankali na rufe, na zauna a ƙasa.

Daga baya na haɗa labarin. Rumbu ya daɗe da ƙarewa, don bai iya korar masu zuwa ƙofarsa ba. A ƙauye yana cewa zai kai igiya kasuwar Damagaram ya sayo hatsi, ya ɗauko igiyoyin da ya tuƙa ya taho a ƙasa. Sai ya kwana a gefen filin nan cikin baƙin da ba su san shi ba, har kamiyo ya zo. Ya koma gida da jar dawa a matsayin wadda ya saya da guminsa. Babu wanda ya sani. Ni ma kuma, a ganinsa, ban sani ba.

Me zan yi? In fita in ce, Baba, taho gidana? Mutumin da bai yarda in ga yana tauna tuwo ba, in nuna masa na gan shi a layin roƙo? Wallahi gara in ɗauki sanda in buge shi. Na yanke cewa taimakon da zan iya yi masa ɗaya ne, kada ya taɓa sanin na gani. Na daina bin ƙofar baya, na riƙa zagayowa ta titi. In na hango mai amawali sai in sunkuyar da kai in canza hanya. Yana kwana a ƙasa, jifa ɗaya daga inda nake kiɗa, ni ina komawa ɗakina a Zango in ci shinkafa.

Mai hankali da ya bar maganar odar nan tun ranar. Ni ban bari ba. Na riga na cika baki a gaban mutane, kuma in faɗi gaskiya, aikin yana hana ni tunani. Ban ƙara buɗe tagar ba, amma ta bayanta ina ji. Disashewar farko ba ta ba ni wuya ba. Hawan nan ta hanci na same shi da senkoro, ina murɗa maƙogwaro na biyu a hankali da hagu, dama tana danne. Karkarwar ƙarshe ce ta ƙi. In na sa girgiza da yawa sai ta zama ƙararrawar keke, in na rage sai ta zama tunkiya mai mura. Masu ganga suna ta yi mini tsiya, wai kamiyona ya sha ruwa.

An daɗe a lokacin kamiyo bai zo ba. Filin ya yi shiru irin shirun da ba shi da daɗi, yara ma sun daina wasa. Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tana dukan kwano. Shugabanmu yana kan rufi yana ɗaura manyan lasifikokin da aka aro don wasan. Ya leƙo ya ce mini wani abu game da waya, na ce "to" ban ji ba, hankalina yana kan maɓallai. Ashe cewa ya yi ya haɗa senten da na kan rufin, kada in taɓa sai ya sauko.

A daidai lokacin dabara ta zo mini. Ba a farko ake sa girgizar ba, sai murya ta kai ƙololuwa sannan a sako ta, kaɗan, a saki maɓalli tana cikin rawa. Na danna. Ta fito da disashewa, ta hau, ta tsage, ta karkare. Ita ce. Wallahi ita ce, ko direban ba zai musa ba. Ɗakin ya ɗauka har cikin ƙirjina, na ce ƙarfin murna ne ya sa na ji ta da ƙarfi haka. Na buga tsalle na yi ihu. Sannan, don in tabbatar ba dace ba ne, na sake dannawa, na ja ta da tsawo yadda direban yake yi.

Da ta mutu sai na ji wata ƙara a waje, ƙasa tana rugugi. Ƙafafu ne. Kwanoni suna karo, mata suna kiran ƴaƴansu, wani yana kabbara. Shugabanmu ya diro daga rufi fuskarsa ta yi fari, ya ce, "Ka kashe mu! Ba na ce kada ka taɓa ba?" Kafin in buɗe baki ya kama katangar gefe ya haure. Mai baki ke nan.

Ya bar ni a tsakiyar ɗaki. Ina jin su sun isa wurin da kamiyo yake tsayawa. Ina jin hayaniyar ta sauka, ta koma tambaya. Sannan wani ya ce odar daga kan rufin can ta fito. Ƙofar gidan matasa ba ta da wani ƙarfi.

Suka cika ɗakin har ba iska. Wata tsohuwa ta faɗi a gudun, gwiwarta tana jini, an riƙo ta. Wata mata tana kuka tana cewa ta kifar da tukunyar anzarta da ta kwana biyu tana wankewa. Ba su yi ihu sosai ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Wani mutum da ƙashin wuyansa ya fito ya dubi senten, ya dube ni da farar rigata da agogona, ya ce, "Kai ne ka yi?"

Na ce, "Ku yi haƙuri, kuskure ne, waƙa muke..."

"Waƙa?" Ya damƙi wuyan rigata. "Da yunwarmu kake waƙa, ɗan lakkwal?"

Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Wani ya ɗauke ni da mari ta baya, wani ya ɗaga kujera. Ban kare kaina ba, don ban ga da bakin da zan ce ba su da gaskiya ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo a zuciyata: Allah ya sa ya koma ƙauye, Allah ya sa ba ya cikinsu. In kuma yana ciki, ya tsaya a baya da amawalinsa, a dake ni a gama, kowa ya riƙe sirrinsa.

Sai na ji sunana.

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta ɗauke da wannan kalma ba. Ya kira shi cikakke, yadda liman ya raɗa shi, ba yadda abokai suke gutsure shi ba. Mutane suka dare, suka ba shi hanya. Ya ratso yana haki, ƙura har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa, buhun nan a hannu. Ya sa hannu ya sauke amawalin har ƙasan haɓa, don a ji shi da kyau.

Ya ce, "Ku sake shi. Ɗana ne. Abin da ya ɓata, ni za ku tambaya."

Wanda ya riƙe ni ya sassauta. Daga can baya, cikin ƴan yankinmu, wani dattijo ya matso yana ƙifta ido. Na san shi, ya sha zuwa ƙofarmu da ƙwarya.

Ya ce, "Af! Sarkin noma? Kai ma?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, mamaki ne ya kuɓuce masa. Amma kowa ya ji. Sai kalmar ta bi ɗakin, sarkin noma, sarkin noma na bayan Tirmini, wanda ya yi dubu. Idanu suka bar ni suka koma kan buhun. Waɗanda suka san shi suka sunkuyar da kai, waɗanda ba su san shi ba suka yi ta kallo. Mai kujera ya ajiye kujerarsa. Suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna rusuna masa, kuma na ga kowace rusunawa tana dukansa.

Muka rage mu biyu. Bai dube ni ba, ni ma ƙasa nake kallo, ina so ta tsage in shige. Na ga ƙafarsa marar takalmi, ƙaya ta yanke ta. Ya ninke buhun sau biyu, ya ɗora a kan senten, ya fita. Bai ja amawalin ba.

Washegari kamiyo ya zo, na gaske. Na buɗe taga na bi layin maza da ido daga farko har ƙarshe. Ba ya nan, kuma bai ƙara zuwa ba. Kafin ya isa gida labari ya riga shi.

An yi wasan ba da ni ba. Na cika buhun nan da gero, na hau motar kasuwa zuwa Tirmini, na ƙarasa da shi a ka. Da na shiga ƙauye mutane suna gaishe ni suna kawar da ido. Na tarar da shi a zaure yana tuƙa igiya, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Na ajiye buhun nesa kaɗan, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa wa bango. Wani ɓangare na zuciyata, marar kunya, yana jira ko zai sake kiran sunan.

Goggo ta fito ta tsaya tsakaninmu, kamar kullum. Ta ce, "Yaya, ga hatsi ya kawo."

Ya daɗe yana murza igiyar a cinyarsa. Sannan ya ce, "Ki shiga da shi." Karo na farko ke nan da ya karɓi wani abu daga hannuna, kuma na san ba don ya huce ba ne, don babu sauran abin da zai kare ne. Na fi son ranar da ya dawo mini da jakin.

Goggo ta ja buhun ta kai ciki ta dawo. Na yunƙura zan tashi, sai ya yi gyaran murya.

"Ki tambayi wancan, kukan motar nan, hannunsa ne ya yi shi? Ba ɗauka aka yi a kaset ba?"

Goggo ta dube ni. Na ce, "Hannuna ne."

Ya gyaɗa kai, idonsa a kan igiya.

"Ki ce masa ya iya," in ji shi. "Ko kaɗan ban yi shakka ba. Ni na riga kowa isa inda motar take tsayawa."